Aikin Banki a Bayan Kanta: Tambayoyin da Matasan Bauchi Suka Fi Yi

Duk shekara ATBU da Jami'ar Sa'adu Zungur ta Gadau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ta Tatari Ali suna yaye ɗalibai, kuma da an dawo daga bautar ƙasa, banki yana cikin wuraren farko da ake kai takardu. Sai dai yawancin masu nema ba su san banki ba sai daga inda layi yake tsayawa: kanta, kashiya, da manajan da ake hangowa ta gilashi. Aikin da ya fi yawa yana can ciki, inda kwastoma ba ya taka ƙafa. Ga tambayoyin da ɗalibai da iyayensu suka fi yi a kansa.

Mene ne aikin bayan kanta? Ba shi ne aikin kashiya ba?

Kowane reshe kashi biyu ne. Akwai 'yan maketin, masu yawon neman kwastoma da kuɗin ajiya, waɗanda kake cin karo da su a Wunti da kasuwar Muda Lawal da ofisoshin gwamnati. Akwai kuma 'yan ofareshan, masu tabbatar da cewa kowace naira ta sauka inda aka nufe ta. Kashiya ɗan ofareshan ne, amma shi yana gaba, ido da ido da jama'a. Na bayansa su ne mai tura kuɗi da tantance caki, mai riƙe da ɗakin ajiya, mai loda na'urar ATM, mai daidaita lissafi, da mai kula da kwamfutoci. Sai jami'in sa-ido, wanda ke bin sawun kowa har da manaja, shi ya sa rahotonsa hedkwata yake tafiya, ba teburin manajan reshe ba.

A hedkwata sassan sun fi yawa, kuma kowanne sana'a ce mai zaman kanta: sasanta biyan kuɗi tsakanin bankuna ta hanyar NIBSS (kamfanin da kuɗi ke bi ta cikinsa daga wani banki zuwa wani), harkar katuna, takardun shigo da kaya daga waje, lissafin baitulmali, kula da takardun bashi, odita, da sashen bin doka mai hana safarar kuɗin haram.

Ana rufe ƙofa ƙarfe huɗu. Me ke zaunar da su har bayan magariba?

Ƙarfe huɗu kwastoma ne ya tashi. Kowane kashiya zai juye abin da ke aljihun teburinsa, 'yan ɗari biyar daban, 'yan dubu daban, ya gwada da abin da kwamfuta ta ce yana hannunsa. In sun yi daidai ya ɗaure bandir-bandir ya miƙa. In aka samu giɓi, ko na dubu biyar ne, babu mai tafiya. A baje takardun ajiya da na cira na ranar a kan tebur, a bi su ɗaya bayan ɗaya, ana neman inda aka buga 15,000 a maimakon 10,000, ko inda sababbin takardu biyu suka manne aka ƙirga su ɗaya. Rara ma ba abin murna ba ce, domin tana nufin an tauye wani da ya riga ya hau achaba ya tafi gida. Giɓin da ba a gano ba, a yawancin bankuna daga aljihun kashiya ake cike shi.

Daga nan a shiga ɗakin ajiya, wanda mutum ɗaya ba ya buɗe shi: wani na da makulli ko rabin lambar, wani na da sauran. Haka ATM, mutum biyu ke loda ta, su ƙirga abin da ya rage, su gwada da takardar da na'urar ta buga. A nan ake gano mutumin da aka cire masa kuɗi na'ura ba ta ba shi ba. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ɗaure bankuna da wa'adi a kan wannan: in katin da na'urar na banki ɗaya ne, kada mayar da kuɗin ya wuce awa 24, in na bankuna biyu ne awa 48, na POS kuma awa 72. Kwastoma yana ganin alat ne kawai, amma wani ne ya zauna ya bi layin lissafi ya nemo masa.

Ranaku ba ɗaya suke ba. Ƙarshen wata in albashin jiha da na ƙananan hukumomi ya shigo, jajibirin Sallah, lokacin kaka da fatake ke cirar kuɗin sayen hatsi da riɗi, da daren 31 ga Disamba da ake rufe littafin shekara, waɗannan ranaku ne da ba a yi wa iyali alkawarin lokacin dawowa. Waɗanda suka yi aiki a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, har gobe suna ba da labarin yadda ake fita ta ƙofar baya.

To, nawa ake biya?

Babu wani abu guda da ake kira albashin banki. Abu uku ne ke yanke shi: wane banki ne, wane mataki kake, da kuma wa ya ɗauke ka, bankin da kansa ko kamfanin da ke kawo masa ma'aikata. Na ukun ya fi sauran nauyi. Sabon ma'aikacin dindindin a babban bankin kasuwanci yana karɓar dubu ɗaruruwa a wata. Ɗan kwantiragin da ke zaune a teburin da ke gefensa sau da yawa ko rabi bai kai ba, wasu ma ba su yi wa mafi ƙarancin albashi na ƙasa nisa ba, wato naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Ƙananan bankunan maikurofainans kuwa nasu ma'aunin daban ne, ƙasa da na bankunan kasuwanci.

Duk adadin da ka ji daga bakin yayanka da ya shiga a 2021 ya riga ya tsufa. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, ga ƙwararru suna ficewa zuwa Ingila da Kanada, dole bankuna suka ƙara albashi. GTBank ya ƙara kashi 40 a Satumbar 2024, wasu suka biyo baya.

Akwai wata riba da ɗan Bauchi ke da ita da ba a cika faɗa ba. Albashin ma'aikacin dindindin galibi matakinsa yake bi, ba garin da yake zaune ba. Mai haya a Fadaman Mada ko Gwallameji, wanda minti goma ke kai shi ofis, da mai haya a Legas da ke barin gida tun kafin asuba, in matakinsu ɗaya ne, kusan abu ɗaya suke karɓa, amma abin da ke kwana a aljihunsu ba ɗaya ba ne.

Takardar ɗaukata ta ce miliyan kaza a shekara. In raba gida 12 ke nan?

A'a, kuma a nan mutane da yawa ke cin bashin da ba za su iya biya ba tun kafin albashin farko. A ce takarda ta ce naira miliyan 4.8. Lissafi zai ba ka 400,000 a wata, amma ba za ka gan su ba. A cikin jimlar an zuba alawus na hutu da ake biya sau ɗaya a shekara, albashin wata na 13 in bankin yana bayarwa, kuɗin gida ko na sutura da wasu ke biya dunƙule a farkon shekara, da ladan ƙwazo wanda sai an auna aikinka, an kuma ga ribar da banki ya samu. Wasu har kason fanshon da su za su zuba suna haɗawa, don jimlar ta yi kauri a ido.

Sannan a zo ga yanka. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire maka kashi 8 cikin ɗari na ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri, mai aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunka na fansho. Haraji kuma hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da kake zaune ake kai wa, wato in kana Bauchi, Bauchi ce ke karɓa ko da hedkwatar bankin tana Legas. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, miliyan 2.2 na gaba kashi 15, miliyan 9 da ke biye kashi 18. Wanda abin da za a caje shi a kai ya kama miliyan 3.6, zai biya 330,000 a kan miliyan 2.2 da 108,000 a kan 600,000 da suka rage, jimla 438,000 a shekara, wato 36,500 duk wata.

Saboda haka in ka zauna da jami'in ɗaukar ma'aikata, tambaya ɗaya ce mai amfani: "Ranka ya daɗe, nawa ne zai faɗo asusuna a watan da babu wani ƙari a cikinsa?" A kan wannan adadin za ka kama haya, a kansa za ka yi wa gida alkawari.

Mene ne bambancin ɗan kwantiragi da na dindindin, tunda kaya ɗaya suke sawa?

Duba kan takardar da aka ba ka. In sunan bankin ne a sama, kai nasa ne. In sunan wani kamfani ne, to shi ne ubangidanka, banki haya ya ɗauko ka. Wannan ba ƙaramin ɓangare ba ne: alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na ƙarshen 2020 sun nuna ma'aikatan bankuna kusan 95,000, kuma kusan 40,000 daga ciki 'yan kwantiragi ne. A rassa irin namu, yawancin kashiyoyi da masu buɗe asusu da masu ƙirga kuɗi a ciki daga wannan rukunin suke.

Ɗan kwantiragi kamar ɗan ƙodago yake a gonar wani: yana noma daidai da kowa, amma hatsin ba rumbunsa za shi ba. Ba ya kan tsanin ƙarin girma, ladan ƙarshen shekara ko bai samu ba ko ya samu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, bashin ma'aikata mai sauƙi ba nasa ba ne, inshorar lafiyarsa ta fi ƙanƙanta, kuma ana iya mayar da shi ga kamfaninsa da wasiƙa ɗaya. Amma in giɓi ya fito, daidai yake da kowa wajen biya. Ƙungiyoyin ma'aikatan banki, ASSBIFI da NUBIFIE, sun daɗe suna kuka a kan wannan tsari.

Ba cewa ake kada a karɓa ba. Wanda ke zaune gida ba shi da ko sisi, aikin kwantiragi ya fi zaman majalisa, kuma zai koya masa abin da aji bai koya masa ba. Tarkon yana wajen shekaru. Yawancin bankuna suna ɗaukar sababbin masu digiri ne in ba su wuce 26 ko 27 ba. Yaro ya shiga kwantiragi yana da 24, ana ce masa ya yi haƙuri za a mayar da shi dindindin, shekara huɗu ta wuce, ya waiga ya ga ƙofar ta rufe a ko'ina. Ana mayar da wasu, gaskiya ne, ta jarrabawar cikin gida, amma ba kowa ba, ba kuma kowace shekara ba. Wanda ya shiga, ya shiga da ido biyu: daga watan farko ya ci gaba da cike fom ɗin sauran bankuna, mai ƙaramar difloma ya koma ya ƙarasa, mai babbar difloma ya haɗa da takardar ƙwarewa.

Ban karanta akanta ko harkar banki ba. Ina da rabo?

Kana da shi. Bankuna suna ɗaukar wanda ya karanta noma, injiniya, kimiyyar siyasa, har Hausa da Larabci, domin su za su horar da kai a makarantarsu na wasu makonni ko watanni, kuma wanda ya faɗi jarrabawar can gida yake komawa. Abin da aka saba nema shi ne digiri mai daraja ta biyu, wasu babba wasu ko ƙarama sun karɓa, ko babbar difloma mai kyakkyawan sakamako, takardar kammala bautar ƙasa, da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Jarrabawar farko ta kwamfuta ce, lissafi da fahimtar rubutu da sauri cikin ƙayyadadden lokaci, kuma a nan yawancin 'ya'yanmu ke zubewa, ba don rashin ƙwaƙwalwa ba, don ba su taɓa gwada amsa tambaya agogo na gudu ba. A gwada a gida kafin ranar. A kuma iya Excel da gaske, ba buɗewa da rufewa ba.

Sai da uwa a gindin murhu? An ce in kawo kuɗi a sama mini gurbi.

Sanayya tana aiki a Najeriya, babu mai musu, musamman a guraben kwantiragi da na maketin, inda ake son wanda zai jawo asusun wani babba. Amma ɗaukar sababbin masu digiri ta shafin bankin ake yin ta, kyauta, kuma ana shiga ba tare da an san kowa ba. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin fom ko na gurbi zuwa asusun wani mutum, ɗan damfara ne, ko da ya turo takarda mai tambarin banki.

Zan iya yin aikin nan a Bauchi har in yi ritaya?

Za ka iya, amma rufin ɗakin gajere ne. Abin da reshe ke da shi bai wuce daga kashiya zuwa shugaban ofareshan ba, sai 'yan kujerun shiyya da ke kula da rassan Arewa maso Gabas. Manyan sassan suna hedkwata, kuma hedkwatocin kusan duk suna Legas, sai kaɗan a Abuja kamar Jaiz da TAJBank. Ƙari a kan haka, ayyukan da a da reshe ke yi da kansa an tattara su wuri ɗaya. Tun da aka fara tura hoton caki a maimakon ɗaukar takardar zuwa ɗakin musaya, aka kuma kawo BVN a 2014, aiki mai yawa ya koma tsakiya.

Takardar da ka sa wa hannu kuma ta ce ana iya kai ka ko'ina. Yau kana titin banki a cikin gari, gobe Azare ko Misau ko Ningi, jibi Gombe ko Potiskum. Mai son ya hau sosai a wannan layi, wata rana zai ɗauki jakarsa.

Yaya ake hawa, kuma gaskiya ne 'yan maketin sun fi saurin girma?

Sunaye suna ɗan bambanta, amma tsanin kusan ɗaya ne: mai koyon aiki, mataimakin jami'in banki da ake kira ABO, jami'i, babban jami'i, mataimakin manaja, muƙaddashin manaja, manaja, babban manaja, sannan matakan janar manaja guda uku kafin darakta. A takarda ana duba mutum duk shekara, a zahiri kuwa shekara uku ko fiye a mataki ɗaya ba abin mamaki ba ne.

Gaskiya ne ɗan maketin ya fi saurin tashi, domin abin da ya kawo ana iya ƙirga shi. Ɗan ofareshan aikinsa ba ya fitowa sai ranar da ya ɓaci. Amma ɗan maketin yana kwana da adadin da aka ɗora masa, in ya kasa cikawa sau biyu sau uku a nuna masa hanya. Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa a ciki babu wannan matsi ko kaɗan: bankuna da yawa yanzu suna ɗora wa kowa buɗe asusu da raba kati, har da mai loda ATM.

Malam, ya halatta in yi aiki a bankin da ke harkar kuɗin ruwa?

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce a Bauchi, kuma ta hana mutane da yawa karɓar aiki. Tushenta hadisin da ya tsine wa mai cin riba da mai ba da ita da mai rubuta ta da shaidunta. Aikin bayan kanta kuwa rubutu ne, don haka ya shiga maganar kai tsaye. Malamai sun yi saɓani: wasu sun hana aikin baki ɗaya, wasu sun bambanta wanda ke lissafa ruwan bashi da wanda ke gyara kwamfuta ko tura albashi, wasu sun yi sassauci ga mai lalura har ya samu wani. Ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa bayanin ainihin abin da hannunka zai riƙa yi, ba sunan bankin kawai ba.

Yanzu akwai zaɓin da iyayenmu ba su samu ba. Jaiz ya fara aiki a Janairun 2012 a matsayin banki na farko marar kuɗin ruwa a ƙasar, TAJBank ya biyo a 2019, Lotus a 2021, kuma suna ɗaukar Musulmi da Kirista. Aikin ciki a can yana da nasa ƙarin nauyi. A cinikin murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar wa kwastoma da ribar da aka amince a kai, alal misali, dole banki ya mallaki kayan kafin ya sayar wa kwastoma, kuma jami'in ciki ne ke duba cewa kwanan watan da ke kan rasit ɗin saye ya riga na takardar sayarwa. In aka juya su, cinikin ya ɓaci a shari'ance ko da lissafi ya daidaita.

'Yata ce ta samu. Aikin ya dace da mace?

Mata suna da yawa a ofareshan, kuma iyaye da dama sun fi natsuwa da shi a kan maketin, tunda a zaune ake yin sa, ba yawon ofis-ofis ba. A rassan Arewa mai lulluɓi tana aikinta ba tare da tsangwama ba. Abin da ya kamata a tattauna tun wuri, da iyaye da kuma wanda za ta aura, shi ne lokacin tashi da yiwuwar canjin gari. Dokar ƙwadago ta ba mai haihuwa mako 12, wasu bankunan suna ƙarawa. In 'yar kwantiragi ce, a karanta abin da kamfaninta ya rubuta a kan wannan kafin ta sa hannu.

Me ke kai ma'aikacin banki hannun hukuma?

Ɓarayi na gaske suna nan, amma da yawan waɗanda suka shiga uku ba su ci ko kwabo ba. Ga yadda takan faru. Layi ya cika, mai amincewa da abin da aka shigar a kwamfuta ya fita sallah, abokin aiki ya leƙo ya ce, "Ɗan'uwa, ba ni lambar sirrinka ta kwamfuta in wuce da wannan, Alhaji yana sauri." Kunya ta hana ka cewa a'a. Bayan wata shida masu bincike su zo, kwamfuta ba ta san fuska ba, sunanka ta sani da minti da daƙiƙa. Ko babba ya ce a biya caki, mai asusun zai zo ya sa hannu gobe. Ko a taɓa asusun da ya daɗe ba a motsa shi ba, mai shi ya rasu magada ba su sani ba.

Duk tsarin banki a kan ƙa'ida ɗaya yake: mai shigarwa daban, mai amincewa daban. Duk umarnin da ya kauce wa ƙa'ida, ka nemi a rubuto maka shi, ko da mai umarnin sa'an mahaifinka ne. Ana iya faɗar haka cikin ladabi. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta wajabta kai rahoton hada-hadar da ta haura miliyan 5 ta mutum ɗaya, ko miliyan 10 ta kamfani, ga NFIU, hukumar da ke tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi, kuma tsegunta wa kwastoma cewa an kai rahoton zargi a kansa laifi ne. Wanda aka kora saboda zamba, sunansa yana shiga kundin Babban Banki, ba bankin da zai sake ɗaukarsa. Ofishin shiyya na EFCC kuwa yana nan Gombe, ba nisa. Ka tuna da dattawan da suka tsaya maka a takarda ranar ɗauka, su ma za a neme su.

Da POS a kowane lungu da manhajar waya, aikin nan ba zai mutu ba?

Ƙirga takardar kuɗi da buga lamba da hannu suna raguwa, wannan a fili yake. Abin da ke ƙaruwa shi ne taransfa da ta maƙale, korafin cirar da mai asusu bai sani ba, damfara ta waya, da sasanta lissafi tsakanin banki da kamfanoni irin Moniepoint da OPay. Duk waɗannan aikin ciki ne. Lokacin da GTBank ya sauya babbar manhajar da ke riƙe da asusun kwastomomi ya koma Finacle, Zenith kuma ya koma Flexcube a 2024, kwastomomi sun ji a jikinsu, kuma waɗanda suka san cikin manhajar ne aka riƙa nema ruwa a jallo.

Abin da ya fi na'ura cin guraben aiki shi ne haɗewar bankuna. Lokacin da Charles Soludo yake gwamnan Babban Banki aka ɗaga jarin banki daga biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. Inland Bank, mai tushe a nan Bauchi, ya narke cikin First Inland, ya zama FinBank, FCMB ya haɗiye shi a 2012. A Maris 2024 aka sake ɗaga jarin: biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na ƙasa, biliyan 50 ga na shiyya. A Yunin shekarar aka soke lasisin bankin Heritage. Duk sanda bankuna biyu suka zama ɗaya, rassa biyu a titi ɗaya ba sa buƙatar shugaban ofareshan biyu.

Wace takarda zan ƙara don kada in tsaya wuri ɗaya?

Ya danganta da inda ka dosa. Ta cibiyar ma'aikatan banki, CIBN, ita ce ta gida. Mai son lissafi da odita ya kama ta ƙungiyoyin akantoci, ICAN, ko ANAN mai kwalejinta kusa da Jos. Mai son sashen bin doka ya nemi CAMS ta yaƙi da safarar kuɗin haram, mai kwamfuta CISA ta binciken tsarin kwamfuta. Guda ɗaya da aka gama ta fi uku da aka fara. Da ita da gogewar shekara biyar, ƙofofi suna buɗewa a waje: kamfanonin fansho, kamfanonin biyan kuɗi ta waya, hukumomin haraji, ƙungiyoyin agaji masu neman jami'in kuɗi a Arewa maso Gabas, reshen Babban Banki, ko hukumar inshorar kuɗin ajiya, NDIC, mai ofishin shiyya a nan Bauchi.

In aka sallame ni, me zan fita da shi?

Abin da takardar ɗaukarka ta tanada na wa'adi ko kuɗin madadinsa, da kuɗin sallama in bankin yana da wannan tsari, bayan an cire duk bashin ma'aikata da ke kanka, wanda yakan zama wajibin biya nan take. Asusun fanshonka naka ne, ba ya bin banki. In ka yi wata huɗu ba ka samu wani aiki ba, doka ta ba ka damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke ciki, sauran ya jira ka cika shekara 50. Ɗan kwantiragi ya riƙa duba saƙon kamfanin fanshonsa tun yana kan aiki, domin akwai kamfanonin da ke yanka a albashi ba sa zubawa, kuma in an gano da wuri ana iya kai ƙara hukumar kula da fansho, PenCom, da takardun albashin da suka nuna yankan.